Max Theiler da allurar shawara: aikin da ɓera da ƙwan kaza suka yi

Tambaya: "Na je karɓar katin shawara saboda tafiya, sai ma'aikaciyar lafiya ta ce allurar da ta yi mini tun 1937 aka samo ta, kuma wani mai suna Theiler ya ci kyautar Nobel a kanta. Wane ne shi, me ya yi takamaimai, kuma yaya aka yi allura ta kusa shekara casa'in ba a sauya ta ba?"

Malam, gaskiya ta faɗa maka. Abin da ta zuba maka a dantse, rabin mililita, bairos ne mai rai da aka karya lagonsa, sunansa 17D, kuma jikan jikan wanda Max Theiler da Hugh Smith suka bayyana wa duniya ne a 1937. Amma kafin a ga girman aikin sai an san halin da ya tarar da fagen, domin a lokacin ko abin da ke haddasa cutar ba a daidaita a kansa ba.

An haifi Theiler a Pretoria, Afirka ta Kudu, ranar 30 ga Janairun 1899. Mahaifinsa, Arnold Theiler, shahararren likitan dabbobi ne ɗan asalin Suwizalan. Ya fara karatun likita a Cape Town, ya ƙarasa a asibitin St Thomas da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, sannan a 1922 ya tafi Jami'ar Harvard a Amurka ya zauna ƙarƙashin Andrew Sellards. Bai taɓa yin digirin digirgir ba.

Tun 1881 Carlos Finlay na Kuba ya ce sauro ke yaɗa shawara, Walter Reed da mutanensa suka tabbatar a 1900. Sauron shi ne Aedes aegypti, mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ƙyanƙyasa a randa da tulu da tsohuwar taya. Sai dai a 1918 Hideyo Noguchi na Cibiyar Rockefeller ya dawo daga Guayaquil a Ekwado da wata bakteriya, ya ce ita ce sanadi, har aka yi allura da ita. Kuskuren nasa irin wanda Bahaushe zai gane ne da sauri. Mu ma da kalma ɗaya muke kiran duk ciwon da ya mayar da ido ruwan ɗorawa: shawara. Alhali ciwon hanta na sa haka, maleriya mai tsanani na sa haka, cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ma na sa haka. Wannan ta ƙarshen ce Noguchi ya kamo. A 1926 Theiler da Sellards suka gwada bakteriyar tasa da ta cutar Weil, wato cutar fitsarin ɓeran nan, suka ga abu ɗaya ne. Ɗan shekara 27 ya rushe maganar babban malami, kuma daidai ya yi.

Bairos ɗin kansa a Afirka ta Yamma aka kama shi, kuma ba Theiler ya kama ba. Gidauniyar Rockefeller ta kafa ɗakin bincike a Yaba, Legas, a 1925. A ƙarshen Yunin 1927 Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum ɗan shekara 28 mai suna Asibi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Zazzaɓinsa bai yi tsanani ba, ya ma warke. Dabarar ita ce ɗibar jinin da wuri, domin bairos ɗin na yawo a jini ne a kwanaki uku zuwa huɗu na farko, kafin ido ya sauya launi. Wanda ya jira sai majinyaci ya yi ɗorawa, sau da yawa ya makara. Aka sa jinin a jikin birin Indiya da ake kira resus, birin ya kamu ya mutu. Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson suka nuna cewa abin na ratsa matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa, kuma sauro na ɗaukarsa daga biri zuwa biri. Duk allurar shawara da ake yi yau a duniya daga jinin Asibi ta samo asali.

Aikin ya ci rayuka. Stokes ya rasu a Legas a Satumban 1927, Noguchi a Accra a Mayun 1928, William Young bayansa da 'yan kwanaki, Paul Lewis a Birazil a 1929, Theodore Hayne a Legas a 1930. Theiler ma ya kamu a ɗakin gwaji a 1929, Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi da garkuwa.

Biri yana da tsada, daga Indiya ake kawo shi, yana cizo, kuma jininsa cike yake da abin da ke kashe mai bincike. Ba za ka iya gwada jinin mutum dubu da birai ba. An riga an yi ta yi wa ɓeraye allurar bairos ɗin a ciki da ƙarƙashin fata ba abin da ya same su, aka yanke cewa ɓera ba ya kamuwa. Theiler ya bi hanyar da masanin Faransa Louis Pasteur ya bi da cutar haukan kare: ya soka allurar kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Ana sa farin ɓera barci, a shigar da siririyar allura ta ƙoƙon kai, a zuba ɗigo kamar mililita 0.03. Bayan kwanaki sai ƙafafun baya su shanye, ɓeran ya mutu da kumburin ƙwaƙwalwa, hantarsa kuwa lafiya lau. Ya wallafa wannan a 1930, da nau'in bairos da aka samo a Dakar wanda Sellards ya kawo a daskararriyar hantar biri.

Daga nan abu biyu suka fito, kuma a ganina na farkon ya fi allurar kanta tasiri a kan ilimin cututtukan sauro.

Na farko gwajin kariya ne. A ɗauki ruwan jinin mutum, a gauraya da bairos mai rai, a yi wa rukunin ɓeraye allura, galibi shida, a zuba ido kwana goma zuwa mako biyu. In sun rayu, mai jinin ya taɓa kamuwa da shawara kuma jikinsa na riƙe da garkuwa. In sun mutu, bai taɓa ba. Tun da garkuwar ba ta gushewa, jinin mutanen gari ya zama kundin tarihi: idan ƙaramin wanda ke da garkuwa a ƙauye shekararsa goma sha biyu, to rabon cutar da ƙauyen ya kai kimanin shekara goma sha biyu. Theiler ya koma Gidauniyar Rockefeller a New York a 1930, Wilbur Sawyer da Wray Lloyd suka gyara gwajin ya dace da aikin jama'a masu yawa, aka shiga tara jini daga ƙasashe. Taswirar da ta fito ta ba da mamaki. An ɗauka cutar ta garuruwan bakin teku ce, sai ga garkuwa tun daga Senigal har Sudan da Yuganda, a wuraren da likita bai taɓa rubuta ta ba. A 1932 kuma Fred Soper ya tarar da ita a wani kwari a jihar Espírito Santo ta Birazil inda babu Aedes aegypti ko ɗaya. Ashe tana zagaye tsakanin biran daji da sauron bishiya. Ma'anar wannan a aikace ita ce ko an kashe sauron gari kaf, cutar na nan a dawa tana jira, sai dai a yi wa mutane rigakafi.

Na biyu, Theiler ya lura cewa idan aka yi ta dashen bairos daga ƙwaƙwalwar ɓera zuwa ta wani ɓeran, halinsa na sauyawa. Yana daina cin hantar biri, amma yana ƙara ƙwarewa wajen cin ƙwaƙwalwa. Sellards da Jean Laigret suka ɗauki wannan suka mayar da shi allura, Cibiyar Pasteur ta Dakar ta riƙa yin ta. Busasshiyar ƙwaƙwalwar ɓera ce ake kwaɓawa da ruwan ƙaro, a shafa a kan tsagar da aka yi a dantse, sau da yawa tare da lambar agana. Daga farkon shekarun 1940 ta zama dole a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar, kuma cutar ta yi ƙasa sosai a can. Aibinta shi ne wanda Theiler ya ji tsoro tun farko: kumburin ƙwaƙwalwa a ƙananan yara. A Senigal a 1965 yara sama da ɗari biyu suka same shi bayan rigakafi. An daina yin ta a 1982.

Theiler bai yarda da ita ba, shi ya sa ya nemi bairos da ba ya cin hanta kuma ba ya cin ƙwaƙwalwa. A nan ya koma kan nau'in Asibi, ya fita daga jikin dabba ya shiga kwalba. Ana yayyanka naman tayi ƙanana-ƙanana, a zuba a kwalba da ruwan gishirin da aka daidaita da na jiki da ɗan ruwan jini, a sa bairos, a ajiye a ɗumin jikin mutum. Duk kwana uku ko huɗu a ɗebi kaɗan daga ruwan a zuba a sabuwar kwalba mai sabon nama. Wannan shi ne dashe ɗaya. Babu maganin kashe bakteriya a wancan zamani, don haka ƙura ɗaya ta faɗa kwalba, aikin watanni ya lalace. Layin da aka yi wa laƙabi da 17D ya yi dashe 18 a naman tayin ɓera, sannan 58 a naman ɗan tsakon cikin ƙwai gaba ɗayansa, sannan aka ci gaba da ɗan tsakon da aka cire wa ƙwaƙwalwa da laka. Tunanin shi ne bairos da aka hana shi naman jijiya zai manta yadda ake cinsa.

Ana tafe ana gwadawa a birai. A dashe na 89, in aka sa shi a ƙwaƙwalwar biri, birin na mutuwa. A dashe na 114 birai suka riƙa rayuwa, hanta lafiya, kuma da aka sa musu bairos ɗin Asibi na ainihi bai yi musu komai ba. Wani abu ya faru tsakanin 89 da 114. Da aka sake bin hanyar daga farko, ba a sake samun irinsa ba. Ke nan dace ne, kuma tunanin cire laka bai isa ya bayyana shi ba. Inda Theiler ya cancanci yabo shi ne ya riƙe layuka da yawa a lokaci guda shekara da shekaru, yana auna kowanne, har ranar da sa'ar ta gifta akwai mai kallo. Sai a 1985 Charles Rice da abokansa suka karanta jerin ƙwayoyin halittar 17D, harafi 10,862, a 1987 aka jera shi da na Asibi aka ga bambanci a wuri 68, da yawa a furotin ɗin da ke lulluɓe bairos ɗin, wanda yake kama ƙwayar jikin mutum da shi.

Smith ya kai 17D Birazil a 1937, shi da Henrique Penna suka yi wa mutum kimanin dubu 59 cikin shekara guda. A can aka koyi darussan da suka amsa tambayarka ta ƙarshe. Kowane ɗakin gwaji ya ci gaba da dashe yadda ya ga dama, bairos kuwa bai daina sauyawa ba. Layin da dashensa ya zarce ɗari uku ya yi laushi har ya kasa ba da garkuwa, aka yi wa mutane allura suka kamu daga baya. Wani layin kuma a 1941 ya jawo kumburin ƙwaƙwalwa. Maganin da aka samo irin na manomi ne da ya dace da iri mai kyau: ka ware shi a rumbu, kada ka riƙa shuka jikan jikansa. Aka daskarar da uwar iri mai yawa, aka gwada ta a birai, daga ita ake fitar da irin aiki, daga irin aiki ake yin kowane zubi na allura, ba a ƙara dashe ko ɗaya a kai. An mayar da wannan ƙa'idar duniya a 1945, kuma kusan duk allurar da ke da bairos mai rai ta gaje ta. Layuka uku suka rage, 17D-204 da 17DD da 17D-213. Dalilin da ba a sauya allurar ba ke nan: da gangan aka tsayar da ita.

Akwai masifa ɗaya da ba a tsallake ta. A lokacin ana zuba ruwan jinin mutane a allurar don kada bairos ya mutu a ajiya. Birazil ta ga mutane na yin ɗorawa watanni bayan allura, ta cire ruwan jinin a 1940. Ɗakin Rockefeller na New York bai cire ba. A 1942 sojojin Amurka kimanin dubu 50 suka kwanta da ciwon hanta, binciken da aka yi a 1987 ya nuna nau'in B ne, kuma waɗanda suka ɗauka sun kai wajen dubu 330. Allurar shawara ta jawo wata shawarar daban, daga jinin masu ba da gudummawa. Tun daga nan babu ruwan jinin mutum a ciki. A 1966 ma an gano cewa ƙwan da ake amfani da shi na ɗauke da wani bairos na kaji, aka koma kiwon kaji na musamman da aka tabbatar ba su da shi.

Yadda ake yin ta yau bai yi nisa da na 1940 ba. Ƙwai mai ɗan tsako ɗan kwana bakwai zuwa tara, a huda ɓawo a sa iri, a mayar cikin injin ƙyanƙyasa kwana uku ko huɗu, a fitar da 'yan tsakin a niƙa, a tace, a busar cikin sanyi. Masana'antu huɗu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, a Birazil da Faransa da Rasha da Dakar, kuma dogaro da ƙwai na musamman ne ya sa ba a iya ninka yawanta dare ɗaya. Da ta yi ƙaranci a 2016, a Kinshasa kashi ɗaya cikin biyar na allurar aka riƙa yi wa mutum, mililita 0.1, kuma ya yi aiki, domin yawancin kwalabe na ɗauke da bairos ninkin-ba-ninkin mafi ƙarancin da ake buƙata. Ana ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8. Da zarar an narka ta da ruwanta sai a riƙe ta a sanyi, abin da ya rage bayan awa shida a zubar, saboda mai rai ce kuma zafi na kashe ta. Sakaci a nan na iya sa allurar ta kasa aiki. Katinka na fara aiki bayan kwana goma, lokacin da garkuwa ke kamawa, kuma tun Yulin 2016 na har abada ne, ba a sabunta shi bayan shekara goma kamar da. Ana yi wa yaro a wata tara. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata shida ba, ko wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai. Mai ciki da wanda ya haura sittin sai likita ya auna, domin a cikin kowane dubu ɗari ana samun ƙasa da mutum ɗaya da bairos ɗin allurar ke yi wa irin ɓarnar cutar kanta, kuma tsofaffi sun fi shiga wannan haɗari.

An ba Theiler Nobel a 1951, shi kaɗai. Ni dai ina ganin kafaɗar Smith da Lloyd da Penna da Nelda Ricci ta ɗauki kaya mai yawa a wannan aiki, ga kuma waɗanda suka mutu a Legas da Accra.

Rabin rayuwarsa ta biyu ba a cika faɗarta ba, alhali ita ta gina fagen. Allurar ƙwaƙwalwar ɓera ta zama tarun kama duk wani bairos da sauro ke ɗauke da shi. Da ita aka kama West Nile a Yuganda a 1937 daga jinin wata mata, da ita aka kama Zika a 1947 daga birin da aka ajiye a kan dandamali a dajin Zika, kuma duka biyun shawara ake nema aka ci karo da su. A 1951 Theiler ya zama shugaban ɗakunan binciken Rockefeller a New York, aka buɗe tashoshi a Poona ta Indiya, da Trinidad, da Belém a bakin Amazon, da Alƙahira, da Johannesburg, da Cali, sannan Ibadan a 1964. Tsarin ɗaya ne ko'ina: a kama sauro, a ware su jinsi-jinsi, a niƙa kowane rukuni, a sa a ƙwaƙwalwar jinjirin ɓera ɗan kwana ɗaya zuwa uku, wanda ya fi babba saurin kamuwa, duk wanda ya yi ciwo a aika ƙwaƙwalwarsa New York a tantance. Haka aka samo Sindbis a Masar, su kuma Mayaro da Oropouche daga jinin masu zazzaɓi aka fara samo su a Trinidad. Daga 'yan gomomi da aka sani a 1950, kundin irin waɗannan bairos ya haura 500.

Tara su ba ya wadatarwa sai an san dangantakarsu. A ɗakin Theiler ne Jordi Casals ya yi amfani da yadda waɗannan bairos ke dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin 'yan tsaki, da yadda garkuwa ke hana dunƙulewar, ya raba su gida-gida a 1954. Rukunin A shi ne gidan da chikungunya ta shiga, rukunin B kuma gidan shawara da dengi da Zika da West Nile. Wannan zumunci na da sakamako a asibiti har gobe. Garkuwar ɗan gida ɗaya na amsa wa ɗan'uwansa, saboda haka gwajin jini na farko zai iya nuna shawara a jikin mai dengi, ko a jikin wanda aka yi wa allura makon jiya. Shi ya sa ake tambayar tarihin rigakafi kafin a karanta sakamako, kuma ake tura samfuri babban ɗakin gwaji irin na Dakar a tabbatar da shi ta gwajin kashe bairos, wanda jikan gwajin ɓeran Theiler ne da aka mayar cikin faranti. A 1964 aka kwashe ɗakin gaba ɗaya zuwa Jami'ar Yale, Theiler ma ya bi. Can aka kai jinin ma'aikatan jinyar mishan daga Lassa da Jos a 1969 aka gano zazzaɓin Lassa, ko da yake wannan ɓera ke yaɗa shi, ba sauro ba. Theiler ya rasu a New Haven ranar 11 ga Agustan 1972, littafin da ya rubuta da Wilbur Downs kan aikin tashoshin ya fito a 1973.

17D kuma ya zama gangar jikin da ake ɗora wasu allurai. An cire furotin ɗin lulluɓinsa aka sa na wasu 'yan gidansu, aka samu allurar kumburin ƙwaƙwalwa na Japan da Dengvaxia ta dengi. Ta biyun ta zo da matsala: yaron da bai taɓa yin dengi ba, in aka yi masa, haɗarin dengi mai tsanani na ƙaruwa a kansa daga baya, don haka aka sa sharaɗin gwada jini kafin a yi.

Cutar da ya yaƙa tana nan inda Soper ya ce tana nan. Ta ɓarke a Filato a 1969, a Oju ta Binuwai a 1986, ta dawo ta Kwara a 2017, a 2019 kuma ta kama mutanen da suka shiga dajin Yankari a Bauchi. A cikin waɗanda ta kai su matakin ɗorawa da aman jini, kusan rabi ke rasuwa cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma har yau babu maganin da ke kashe bairos ɗin. In akwai wanda ba a yi wa ba a gidanka, daga ɗan wata tara zuwa sama, ka kai shi.